Boga a bakin tagar mota: abin da ya faru da wani wurin abinci a Katsina a bazarar 2024

Labarin bai zo mana daga bakin kwastoma ba. Maiɗakina ce ta dawo da shi daga gidan suna, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah ta 2024. Wata Hajiya da suka zauna tabarma ɗaya tana ba mata labari cewa maigidanta ya kai yara shan iska da daddare, ya saya masu boga, wato burodin nan mai soyayyen niƙaƙƙen nama a tsakiya, a wani wuri da ake kawo wa mutum har mota, washegari biyu daga cikin yaran suka tashi da amai da gudawa, ƙaramin sai da aka sa masa ruwa. Hajiyar ba ta san cewa wurin na ɗan yayata ba ne, kuma da kuɗina a ciki. Mata huɗu ko biyar ne suka ji wannan magana a wurin, kowacce kuma da gidan da za ta kai ta.

Na daɗe a zaune bayan ta gama faɗa mani. Abin da ya fi tsaya mani shi ne, mutanen nan ba su koma wurin sun yi magana ba. Haka Katsinawa suke a harkar ciniki. Da wuya magidanci ya tsaya yana ɗaga murya a kan abinci, yana ganin zubar da girma ne. Zai biya, ya ce an gode, ya ja motarsa, kuma ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba. Mai wuri yana nan yana lissafin cewa kasuwa ce ta ja baya, alhali maganarsa ta gama zagaya gidajen biki.

Wurin da kansa

Ba zan faɗi sunansa ba. Yana bakin ɗaya daga cikin manyan titunan gari, a ɓangaren Ƙofar Ƙaura. Kwantena ce aka yanka wa taga, aka yi mata rumfar kwano, ga fili a gaba da zai ɗauki motoci shida ko bakwai in an gyara tsayuwa. Ɗan yayar tawa ya buɗe shi a ƙarshen 2023, bayan ya gama bautar ƙasa ya rasa aikin ofis. Tsarin mai sauƙi ne: ka tsaya da motarka, yaro ya zo taga ya ji abin da kake so, ya koma ya kawo maka a leda, ka biya ka tafi, ko ka ci a cikin mota.

Dabarar ta dace da garin nan fiye da yadda na zata da farko. Magidanci da yawa yana son ya fita da iyalinsa, amma ba ya son matarsa ta zauna a kan kujera a bainar jama'a samari suna kai da kawowa. A cikin mota kuwa tana cikin sirrinta, yara suna baya suna murna. Ga ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na kwalejin Hassan Usman Katsina da ke shigowa gari da yamma, ga samari masu saya a kai wa budurwa wajen zance. A watannin sanyi wurin ya yi kasuwa sosai. Ni da kaina na ci bogarsu a lokacin, naman da laushi, burodin sabo, ba abin da zan ce.

Da na kira shi na faɗa masa abin da na ji, cewa ya yi, "Kawu, wallahi 'yan baƙin ciki ne. Kuma yaran nan ne ke ja mani, ba su iya magana da mutane ba. Na kori biyu a watan nan."

Na ce masa to, ya ba ni kujera. Na yi mako biyu ina zuwa bayan la'asar, ina zama a gefen kwantenar har su tashi, in ban da lokacin salla. Sau uku kuma na zo da sassafe ba tare da na sanar ba.

Firiza

Zuwan safen farko ne ya nuna mani inda ciwon yake. Na ɗaga murfin firiza wajen ƙarfe bakwai, sai na ji iskar da ta fito ba ta da sanyin da ya kamata. Naman bogar yana jere a cikin leda, an mulmula shi faifai-faifai. Na danna na sama da yatsa, ya lotsa. Gefensa ya yi toka-toka. A can ƙasan firizar akwai wani ruwa ja-ja da ya taru ya daskare, wani sabo kuma ya kwanta a kansa, abin da ke nuna naman ya sha narkewa yana sake daskarewa. A cikin firizar nan guda kuma ake ajiye lemon kwalba da ruwan roba, wato duk wanda ya sayi lemo sai an buɗe ta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta kuma ci gaba da hawa. Wutar layi ba ta da tabbas. Don haka suna tayar da janareta da yamma saboda fitilu da firiza, in sun tashi wajen sha biyun dare su kashe shi. Daga nan har yammacin gobe, firizar tana hannun Allah: in an kawo wuta ta yi sanyi, in ba a kawo ba ta zama akwati. A watan Disamba da Janairu, sanyin gari yana rufa asiri. A watan Afrilu kuwa, da zafin Katsina ke kaiwa digiri 40 har ya wuce, cikin kwantenar ƙarfe ya fi haka nesa. Kuma domin a samu rangwame wajen mahauci, naman kwana uku ko huɗu ake saye a lokaci guda a niƙa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya gane bambancin niƙaƙƙen nama da tsoka, domin mu mutanen tsire da balangu ne, hankalinmu bai saba da shi ba. Ƙwayoyin cutar da ke kan tsoka akasari a bayanta suke, inda wuƙa da hannu da tebur suka taɓa. Da mai tsire ya kafa tsinkensa a bakin wuta, wuta ta lashe bayan naman, ta gama da su. Amma in aka zuba nama a injin niƙa, abin da ke waje ya shige ciki, ya gauraye da ko'ina. Shi ya sa masana lafiyar abinci suka ce dole tsakiyar niƙaƙƙen nama ta kai digiri 71 kafin a ci. Sun kuma ce tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi saurin hayayyafa, kuma abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 ma awa ɗaya. Ko a Amurka, inda sana'ar ta samo asali, sai da aka yi rashi kafin aka ɗauki abin da muhimmanci. A 1993 bogar da ba ta dahu ba, daga wani babban kamfani, ta jawo wa mutum fiye da 700 rashin lafiya, yara huɗu suka rasu, sanadin ƙwayar cutar E. coli. Da na tuna yaron Hajiyar nan da aka sa wa ruwa, sai da jikina ya yi sanyi.

Kasko ɗaya, abinci iri goma sha

Lokacin da aka buɗe wurin, abu uku ake sayarwa: boga, soyayyen dankali da lemo. Da kasuwa ta buɗe, duk wanda ya tambayi abin da babu, sai ɗan yayata ya ga kamar kuɗi ne ke wucewa. Aka ƙara shawarma, aka ƙara gasasshiyar kaza, soyayyar shinkafa, taliya da ƙwai, har da farfesu. Allon da ke bakin titi ya cika. Amma kaskon ƙarfen da ake suya a kai guda ɗaya ne, mai girki ɗaya da mataimakinsa.

Na tsaya a bayan mai girkin wani daren Asabar bayan isha'i, lokacin da motoci suka cika filin. Mutum ne mai ƙoƙari, gumi har cikin idonsa. Oda tana shigowa ta baki, yara uku suna faɗa masa a lokaci guda. Abin da yake yi don ya tsira shi ne ya ƙure wutar gas. Ya ɗora faifan nama, wani ma tsakiyarsa da sauran ƙanƙara, bayan ya yi baƙi cikin ɗan lokaci, ya juya, ya danna da cokali, ya kwashe. Na ce ya ba ni ɗaya. Na raba shi biyu a gabansa: waje ya ƙone, ciki ja, da ɗan sanyi-sanyi a yatsa. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Baba, in na tsaya kowanne ya dahu yadda ya kamata, motocin nan sai sun kai asuba. Oga kuma ni zai yi wa faɗa."

Wata dabarar da suka ƙirƙiro ita ce su soya wasu tun la'asar su zuba a kula, in an yi oda a ɗan ɗumama. Kabeji da latas kuma an yanka an kwaɓa da bama a cikin roba tun kafin magariba, tana nan a buɗe kusa da zafin kasko har dare. Burodin da ya kwana ba a zubarwa, ana ɗan gasa shi ne ya ɓoye bushewarsa. Man suyar dankali ya yi duhu, ƙari ake yi masa, ba a canzawa.

Duk wannan kwastoma ba ya gani. Wannan ne babban abin da na fahimta a zaman da na yi. In ka je wajen mai tsire, kai ne ke nuna tsinken da kake so, a gabanka zai mayar da shi wuta, ya yanka, ya ba ka ɗanɗano. Mai shayi a gabanka yake fasa ƙwai, in ya lalace kai da shi za ku ji warin tare. Idon mai saye shi ne mai tsaron abincinmu na gargajiya. Amma mutumin da ke zaune a mota, gilashi a ɗage, ba ya ganin wuta, ba ya ganin nama, sai leda a ɗaure. Sau da yawa ma sai ya isa gida zai buɗe. Amanarsa gaba ɗaya ya damƙa ta ga mutanen da bai gani ba, kuma fuska ɗaya tak ya sani, ta yaron da ya zo taga.

Yaran taga

Su ne ake zagi, su ne kuma ake kora. Na zuba masu ido sosai, kuma ba zan wanke su tas ba. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Ba a ba su takarda ko biro ba. Yaro zai ji odar mota uku ya riƙe a ka: wannan ba ya son albasa, wancan boga biyu da kaza, waccan ta ce kada a sa yaji saboda yara. Kafin ya isa kwantena ya gauraya su. In abinci ya daɗe, shi za a danna wa hon, shi kuma abin da ya iya faɗa ɗaya ne, "Saura minti biyar, Yallaɓai," ko da ya san ba a ma ɗora ba. Na duba agogo a kan wata mota, ta yi minti arba'in da ɗoriya, an faɗa wa mai ita saura minti biyar har sau uku.

Sai maganar biya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa. To asusun wurin a wayar ɗan yayata yake, shi kuma ba kullum yake nan ba. Mutum ya tura kuɗi, ya nuna wa yaro shaida a wayarsa, yaro ya ce sai Oga ya ga alat. A kira Oga, waya ba ta shiga. Dattijo da iyalinsa a mota, an riƙe masa leda kamar wanda ake zargi da zamba. Na ga fuskar wani a irin wannan hali, ban ƙara ganinsa a wurin ba.

Abin da ya fi ɓata mani rai kuwa a daren Laraba ya faru. Wani bawan Allah ya zo a kan babur, da 'yarsa a gaba, ba za ta wuce shekara shida ba, da ɗan hijabinta ruwan hoda. Ya kashe babur a gefe, ya ɗaga hannu. Yaron da ke kusa ya ce yana zuwa. Sai ga wata babbar mota ta shigo, yara biyu suka ruga. Wata ta sake shigowa, haka. Mutumin ya sauke yarinyar, ta tsaya tana kallon hoton bogar da ke jikin allo, tana nuna masa da yatsa. Ya sake ɗaga hannu. Da ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya ɗauke ta ya mayar kan tanki, ya ce mata, "Zo mu je, Mamana, gobe ma rana ce." Ya tayar da babur. Na miƙe zan tsayar da shi, ya riga ya hau titi.

Na kira yaron, na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, masu mota su ne ke bar mana canji." Da na bincika albashinsu sai na gane maganarsa. Abin da ake ba su a wata ba ya kai su ko'ina, ɗan ihsanin da ake miƙo masu ta taga shi ne abincinsu na gaskiya. Wanda aka ɗora wa rayuwa a kan kyautar masu manyan motoci, ba sai an koya masa wanda zai fara gaisarwa ba.

Abin da aka yi

Zaman da muka yi da ɗan yayata bai yi daɗi ba. Na ajiye masa faifan naman nan da na raba biyu, na kai shi gaban firiza da safe ya danna da yatsansa. Gani ya kori ji. Duk da haka, da na ce a rage kayan da ke kan allo, sai ya tubure. "Kawu, shawarma ce ke kawo rabin cinikin dare. So kake in rufe?" Na ce masa ba a taunar taura biyu. Na ba shi labarin 'yan'uwan nan biyu masu McDonald's, shahararren gidan bogar nan na Amurka, waɗanda su ma da irin wannan wuri suka fara a Kalifoniya, ana kai wa mutane abinci mota, da jerin abinci mai tsawo. A 1948 suka rufe na ɗan lokaci, suka zubar da akasarin jerin, suka bar abu tara kacal, boga a kan gaba, domin su iya yin kaɗan ɗin da sauri kuma iri ɗaya kullum. Ya yi kwana biyu ba ya ɗaga wayata. A rana ta uku mahaifiyarsa ta sa baki, ya zo gida da kansa.

Aka koma boga, dankali da abin sha. Aka daina sayen naman kwanaki. Kowace safiya mataimakin mai girki yana zuwa wajen mahauci guda da aka yi yarjejeniya da shi, ya karɓo tsoka da ɗan kitse daidai na ranar, a niƙa a ƙaramin injin da muka saya, wanda ake kwancewa a wanke da ruwan zafi kullum. In ya ƙare, ya ƙare, a gaya wa mutum gaskiya ya dawo gobe. Wannan ya fi komai yi wa ɗan yayata ciwo, ganin mota tana juyawa da kuɗi a hannu. Lemo ya koma cikin kula da ƙanƙarar da ake saye, firiza ta zama ta nama kaɗai. Kabeji ana yankawa kaɗan-kaɗan, bama kuma sai za a naɗe ake sawa. Na sayo ma'aunin zafi mai tsinke, irin wanda ake soka wa nama, mai girkin ya yi mako yana amfani da shi har idonsa da hannunsa suka gane lokacin da tsakiya ta dahu.

A ɓangaren taga, an buga 'yan takardu masu lamba. Duk wanda ya iso, a mota ko a babur ko a ƙafa, a rubuta odarsa a ba shi lamba, kuma da lamba ake bi. An hana faɗin minti biyar. Yaro ya leƙa ya ƙirga takardun da ke gaba ya faɗi gaskiya, mai haƙuri ya jira, mai sauri ya tafi ba tare da an ɓata masa dare ba. An sayi na'urar POS da ƙaramar waya da ke zama a wurin. Kyautar da aka samu kuma ana tarawa a gwangwani a raba bayan an tashi, har da na cikin kicin.

Gyaran da na fi alfahari da shi shawarar mai walda ce. Da muka kira shi ya ƙara taga saboda zafi, sai ya ce me zai hana a yanke gefen da ke kallon fili gaba ɗaya daga ƙugu zuwa sama, a sa raga. Yanzu duk wanda ke zaune a mota yana hango kasko, yana ganin lokacin da aka ɗora namansa. Tun daga ranar ban sake ganin tsumma mai datti a kafaɗar kowa ba, kuma ba wanda ya yi masu magana a kai.

Gidan Hajiyar nan ma mun je, ni da shi da maiɗakina. Maigidan ya karɓe mu a zaure da mutunci, ya ce ba komai, ƙaddara ce, ya ƙi karɓar kuɗin maganin da muka kawo. Har yau dai bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Inda aka kwana

Ciniki ya faɗi a watanni biyun farko, masu shawarma suka koma wani wuri. Mai girkin farko ya tafi, ya ce aikin safe ya yi masa yawa, mataimakinsa ya hau kaskon. Wajen ƙarshen damina aka fara ganin fuskokin da ke dawowa duk mako, yawancinsu masu iyali. A watan Oktoban 2024, lokacin da akasarin Arewa ta shafe sama da mako guda babu wutar lantarki, litar fetur kuma ta kai naira dubu, masu sayar da kayan sanyi da yawa a gari sun yi asara. Wurin nan bai zubar da nama ko kilo ɗaya ba, domin ba shi da na ajiya. Ƙanƙarar lemo ce ta gagara, aka sayar da shi da ɗumi, aka kuma gaya wa mutane tun kafin su biya.

Akwai abin da har yanzu ba mu daidaita ba. A watan Yulin 2024 gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuma abin da yaran taga ke karɓa bai kama ƙafar wannan ba, ko da an haɗa da na gwangwani. Ɗan yayata yana cewa a bari a sayi sola tukuna, in kuɗin mai ya ragu sai a ƙara masu. Ni kuma ina cewa yaron da ya ƙware, ya san wanda ba ya cin albasa da wanda yaransa ba sa son yaji, in ya tafi ba a sayo irinsa a kasuwa. Biyu daga cikinsu sun riga sun tafi, ɗaya ya koma tuƙin Keke Napep. Mun sa ranar da za mu zauna da littafin ciniki bayan Sallar layya, na kuma gaya masa cewa rabon ribata na bana a zuba shi a albashin yaran, sola ta jira.